Nasiha Ga Saurayin Da Ya Sayi Tsohon Jirgin Katako

Ya ku samarinmu mazauna bakin ruwa, tun daga Yawuri da Wara da Malale a kan Kogin Kwara, har zuwa garuruwan Binuwai da gaɓar Tafkin Chadi, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari wanda a zahiri ƙarami ne, amma a haƙiƙa rayukan bayin Allah ne suke rataye a jikinsa. Da yawa daga cikinku, bayan shekarun da suka yi suna tuƙa jirgin wani, ko suna jan taru a ƙarƙashin wani, Allah yakan hore musu ɗan abin hannu ta hanyar adashi ko gado ko cinikin kifi, kuma da yake kuɗin haɗa sabon jirgi ya fi ƙarfin mai fara neman na kansa, sai su nemi tsoho wanda mai shi ya gaji da shi, su saya da niyyar su gyara. Wannan niyya ce kyakkyawa, ba ni da abin cewa game da ita sai addu'ar Allah ya sa albarka, domin kuwa tsohon jirgin da aka yi da itacen kirki, in ya faɗa hannun mai tsanaki, yakan yi wa mai shi hidimar da sabon da aka harhaɗa da ɗanyen katako ba zai yi ba. Abin da nake jiye muku tsoro shi ne kwanakin farko bayan ciniki, lokacin da zuciya take cike da murna, abokai suna ta barka, kowa yana tambayar yaushe za a fara fito, gama a cikin waɗannan kwanaki ne ake tafka kuskuren da ba a ganin sakamakonsa sai a tsakiyar kogi. Zan yi magana da mutum guda daga cikinku, sauran su saurara.

Abin da saurayi ya fi gaggawar yi, da zarar an damƙa masa jirgi, shi ne ya nufi kasuwa ya sayo gwangwanin fenti shuɗi da ja, ya kira mai rubutu ya zana masa suna da kalmar addu'a a goshin jirgin, don duk wanda ya zo mashigi ya san an yi sabon mai jirgi a gari. Ban ga laifin ado ba, amma ado yana da lokacinsa, lokacinsa kuwa ƙarshen aiki ne. Fenti a kan ruɓaɓɓen katako daidai yake da yaɓe a jikin katangar da gara ta cinye gindinta, yana ɓoye cutar ga idon mai shi, amma ba ya ɓoye ta ga damina. Kuma ya kamata ka tuna, ya ɗana, watakila wanda ya sayar maka ya riga ka yin wannan dabara, ya shafe jirgin kafin ya nuna wa masu saye, ta yadda abin da ka gani ranar ciniki launi ne kawai, itacen kuwa ba ka gan shi ba tukuna. Saboda haka ajiye guduma da burushi a gefe, ka fara aiki da idonka da kunnenka da hancinka, ka yi haƙurin zama da jirgin nan har sai ka san shi katako bayan katako.

Akwai ma dalili na shari'a da ya sa bai kamata a jinkirta wannan bincike ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya san cewa algus da yaudara da ɓoye aibin haja ba su halatta ba, ya kuma san cewa mai saye, idan ya tarar da tsohon aibi wanda aka ɓoye masa, yana da zaɓi, ko ya riƙe abin ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya ga aibi ya yi shiru, ya ci gaba da amfani da hajar, ana ɗaukarsa ya yarda. Haka nan wanda ya riga ya sauya kamannin abin da ya saya, ya ɓamɓare nan ya yanke can, hukuncinsa ba ya zama ɗaya da na wanda ya dawo da hajar kamar yadda ya karɓe ta. To, in ka yi wata biyu kana fito da jirgi, sa'an nan ka dawo kana cewa gindinsa ruɓaɓɓe ne, da wane baki za ka yi magana gaban alƙali ko gaban Sarkin Ruwa? Yi bincikenka a makon farko, a gaban shaidu biyu masu mutunci waɗanda suka san jirgi, in ka ga abin da ba a gaya maka ba ka koma wa mai sayarwa cikin ladabi tun ciniki yana ɗanye, ko ya rage maka kuɗi gwargwadon aibin bisa sulhu, ko ya karɓi abinsa.

Ba a binciken jirgi yana kan ruwa, domin rabinsa da ya fi muhimmanci a ɓoye yake. Tara mutane, a shimfiɗa itatuwa a gaɓa, a jawo shi a kansu sannu a hankali, kada a ja shi a kan tsakuwa, kada kuma a fizge shi da igiya ta goshi kaɗai, gama tsohon jirgi yakan karye a hannun masu jansa. A ɗora shi a kan gumagumai waɗanda aka jera daidai da juna, a goshi da tsakiya da baya, yadda nauyinsa zai rabu, iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa, gara kuma ba ta hau shi daga ƙasa ba. In aka tokare shi a baki biyu kawai aka bar tsakiyarsa tana lilo, cikin 'yan makonni zai lanƙwashe, kuma da wuya jirgin da ya lanƙwashe ya koma yadda yake. Sa'an nan ka kafa masa rumfa ta zana ko ta kaba, kada ka ga kamar ɓata kuɗi ne. Itace yana kumbura in ya sha ruwa, yana ƙanƙancewa in ya bushe, kuma a faɗinsa yake yin wannan motsi, a tsawonsa kusan ba ya motsawa. Don haka jirgin da ya shekara a cikin ruwa, in aka fito da shi aka shanya shi a tsakar rana iskar hunturu tana kaɗawa, katakansa za su ja da baya daga juna har ka hango haske ta tsakaninsu, waɗansu kuma su tsage daga bakin ƙusa. Abin da ake so shi ne ya sha iska a inuwa, ya tsane sannu sannu, ya bushe gwargwadon yadda kwalta za ta kama shi, ba tare da ya ƙeƙashe ba.

Bayan haka sai wanki. Fitar da duk abin da ke ciki, da katakan shimfiɗa da na zama, da tsummoki da ragowar taru, ka kwashe laka da gansakuka da tsohon man inji da suka taru a lunguna, ka kankare tsohuwar kwalta da tsohon fenti a duk wurin da suka kumbura ko suka ɗago. Aiki ne mai ƙazanta, ba mai yaba maka a kansa, amma kada ka ba yara shi ka tafi hira, domin mai wankin jirgi da hannunsa shi ne yake fara jin inda katako ya yi laushi da inda warin ruɓa yake tashi.

Ya kamata a nan mu dakata mu fahimci abin da yake ruɓar da itace, gama jama'a da yawa suna zaton ruwa ne, alhali ruwa shi kaɗai ba ya yin wannan ɓarna. A shekarar 1987, a ƙauyen Dufuna da ke ƙasar Fune cikin Jihar Yobe ta yanzu, kusa da kogin Komadugu Gana, wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin kamar mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na ƙasar Jamus suka tono shi, sai ga kwale-kwale sassaƙaƙƙe daga gungume guda, tsawonsa ya ɗara mita 8, kuma awon da aka yi masa ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, har ba a san wani jirgi da ya girme shi a duk Afirka ba. Abin da ya tsare shi duk wannan zamani, da ikon Allah, shi ne kwanciyarsa cikin jiƙaƙƙiyar laka inda iska ba ta kai gare shi. Mai cin itace wata ƙanƙanuwar halitta ce, dangin fumfuna da naman kaza, wadda ba ta rayuwa sai ta sami abu biyu tare, danshi da iska. Itacen da ya bushe sarai ya fi ƙarfinta, wanda ya nutse sarai shi ma haka. Abincinta shi ne wanda yake jiƙewa yana bushewa, ko wanda yake zaune cikin laima a lungun da iska take leƙawa amma ba ta ratsawa. Wanda ya gane wannan ya san inda zai nemi cuta a jirginsa ko ba a nuna masa ba.

Neme ta a daidai inda ruwa yake tsayawa a jikin jirgi, inda igiyar ruwa take lasa tana sauka. Neme ta a ƙarƙashin katakan shimfiɗa, inda ruwan sama yake kwana. Neme ta a bakin kowane katako, domin itace ta bakinsa yake tsotsar ruwa fiye da ta gefensa. Neme ta a mahaɗar katakan jiki da itatuwan ciki waɗanda suke riƙe da su, wato haƙarƙarin jirgi, da mahaɗar goshi, da bayan duk wani faci na kwano da wani ya taɓa bugawa. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi jirgin kana ƙwanƙwasawa taƙi bayan taƙi: lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, guduma ta yi tsalle ta dawo, ruɓaɓɓe kuwa amsarsa a dushe take. Inda ka yi shakka, soka basilla ko tsinin wuƙa. In ta shiga da ƙyar, kuma tsiron da ta ɗago dogo ne mai ƙarfi, itacen yana da sauran rai. In ta shige ba tare da ka matsa ba, ko itacen ya gutsure gajere-gajere yana marmashewa, ya mutu. Kewaye wurin da alli ko gawayi, kuma kada ka tausaya wa aljihunka a wannan lokaci ka ƙanƙanta da'irar, domin ruɓa tana bin jijiyar itace ta ciki, takan yi nisa fiye da inda ido ya tsaya. Idan jirginka sassaƙaƙƙe ne daga gungume guda, to, ka fi mai da hankali ga tsagar da take tasowa daga goshi ko daga baya, da kuma kaurin gindi, wanda yashi da duwatsun gaɓa suke ci shekara da shekaru har ya sirance.

Sai kuma ƙusoshi. Abin lura ne cewa a cikin Suratul Ƙamari, inda aka ambaci jirgin Annabi Nuhu, alaihis salamu, an siffanta shi ne da abubuwa biyun da aka haɗa shi da su, alluna da ƙusoshi. Har yau kuwa jirgin katako bai wuce waɗannan biyu ba, kuma na biyun shi aka fi mantawa da shi don ba a ganinsa. Ƙusar baƙin ƙarfe da ta daɗe cikin jiƙaƙƙen itace tana yin tsatsa, kanta yana nan a waje lafiya lau, amma tsakiyarta, daidai inda katako ya haɗu da haƙarƙari, ta sirance har ta kusa tsinkewa. Tsatsar kuma tana cin itacen da ke kewaye da ita, ta baƙanta shi, ta faɗaɗa ramin. Alamarta ita ce baƙin tabo, ko jan ziri da ke gangarowa daga kan ƙusa. A nan kam kada ka amince da ido: zare ƙusoshi kaɗan daga wurare dabam-dabam, daga gindi da goshi da tsakiya, ka duba su a tafin hannunka, in waɗanda ka zare sun cinye, to, ka ƙaddara sauran ma haka suke, ka yi shirin sake ɗaure jirgin gaba ɗaya. Jirgi yana iya kasancewa katakansa duka lafiyayyu ne, amma ya buɗe a tsakiyar ruwa don abin da ke riƙe da su ya ƙare. In za ka sayi sababbi, nemi waɗanda aka tsoma a tutiya, masu farin jiki, ko da sun fi tsada, kuma kafin ka buga ƙusa a itace mai tauri ka huda mata hanya da abin huji wanda bai kai ta kauri ba, don kada katako ya tsage.

Idan ka gama naka binciken, kada ka dogara da shi kaɗai. A kowace tashar jirage akwai dattijon masassaƙi wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa jirage yana kwance su. Je ka same shi har gida, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na sayi jirgi, ina so ka zo ka duba mini, ka gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba." Ka biya shi ladan yininsa ko da bai taɓa gizago ba, gama ilimin da ke idonsa shi ka je nema, kuma in yana dubawa ka yi shiru ka bi bayansa, ka lura da wuraren da yake tsayawa da waɗanda yake wucewa. In ya ce maka, "Yaro, wannan jirgi ya gama aikinsa," kada ka yi fushi ka tafi neman wanda zai gaya maka abin da kake son ji. A ganina, in ruɓa ta ci gindi da mafi yawan haƙarƙari tare, abin ya wuce gyara, sabon jirgi ne za ka gina a cikin siffar tsoho da kuɗin da ya fi na sabo, kuma hasarar kuɗin saye, duk da zafinta, ita ce mafi sauƙin hasarar da irin wannan jirgi zai jawo maka. Akwai kuma matsayi na tsakiya wanda samari ba sa son ji, wato jirgin da bai kamata ya ƙara ɗaukar fasinja ba, amma in an gyara shi zai yi shekaru ana su da shi kusa da gaɓa, ko ana ɗauko ciyawa da itacen wuta. In dattijo ya ajiye jirginka a wannan matsayi, ka bar shi a nan.

To, in ya ce jirgi zai gyaru, sami littafi ka rubuta duk abin da alli ya kewaye, da adadin katako da ƙusa da kwalta da ladan ma'aikata, sa'an nan ka ƙara wani abu a kai saboda abin da zai bayyana bayan an ɓamɓare katako na farko, domin da wuya a buɗe tsohon jirgi a tarar da ɓarna ta gaza abin da aka zata. Jera aikin daga ciki zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama: haƙarƙari da gindi da goshi tukuna, sa'an nan katakan jiki, sa'an nan toshe tsakanin katakai, sa'an nan wurin zama, in kuɗi za su ƙare a hanya, gara su ƙare jirgi yana da ƙarfi ba shi da kyau. Ka kuma dubi lokaci. Mutanen Kogin Kwara sun san ruwa biyu suke samu a shekara, farin ruwa mai laka wanda daminarmu take kawowa wajen watan Satumba, da baƙin ruwa wanda yake tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso mana cikin sanyi, kuma kowannensu yana da nasa ciniki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara gyara kasuwa tana ci zai yi gaggawa, mai gaggawa kuwa yakan rufe abin da ya kamata ya buɗe.

Game da katako, kakanninmu sun san itatuwansu. Madaci da kawo da ƙirya suna jure ruwa da ƙwari, rimi yana da sauƙin sassaƙa, ba shi da nauyi, amma ba ya daɗewa. Yau manyan itatuwa sun yi ƙaranci a Arewa, yawancin katakon jirage daga kurmin Kudu ake kawo shi, kuma a kasuwar 'yan katako ana sayar da loko na gaske, ana kuma sayar da farin katako mai laushi wanda ya dace da silin da akwati amma bai dace da ruwa ba, don haka ka je da masassaƙinka. Ko a itacen kirki ma, jan ciki shi ne mai ƙarko, farin gefen da ke kusa da ɓawo shi ƙwari da ruɓa suke fara ci. Kada ka karɓi katakon da farin gefe ya yi wa yawa, ko mai ƙulli a tsakiya, ko wanda jijiyarsa ta karkace ta fita ta gefe. Kada kuma ka buga ɗanye, jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska tukuna, in ba haka ba zai ƙanƙance a jikin jirgi ya bar maka ɓaraka. Wanda ya ƙeƙashe ƙwarai shi ma yana da nasa haɗari, domin in aka matse shi da maƙwabcinsa ba a bar masa wurin kumbura ba, ranar da ya sha ruwa zai ture ƙusa ko ya banƙare.

Wajen canja katako akwai ƙa'ida guda wadda ba na so ka manta, ita ce ɗaya bayan ɗaya. Saurayi mai zafin nama yakan ɓamɓare duk ruɓaɓɓun katakai a yini guda, yana ganin ya yi aiki, washegari ya tarar jirgin ya saki, ya buɗe, siffarsa ta ɓace, alhali siffar nan ita ce mafi tsadar abin da ya saya, domin a cikinta ilimin wanda ya fara gina shi yake. Cire guda, ka ɗora shi a kan sabo ka zana, ka yanka, ka gwada, ka rage, ka sake gwadawa har ya zauna ba da tilas ba, sa'an nan ka wuce ga na gaba. In kuma haƙarƙari za ka canja, tokare bakin jirgin da sanduna daga gefe zuwa gefe kafin ka taɓa shi. In rabin katako ne ya lalace, yanke har ka shiga lafiyayyen itace sosai, kuma kada ka haɗa sabo da tsoho baki da baki a fili: ko dai mahaɗar ta faɗa a kan haƙarƙari, ko a goya mata guntun katako ta ciki, ko kuma a fiƙe bakunan biyu a karkace su hau juna, tsawon fiƙar ya kai kaurin katakon sau 8 ko fiye. Kada mahaɗai biyu su yi maƙwabtaka a katakai masu bin juna, domin nan ne jirgi yake karyewa in ya hau igiyar ruwa da kaya. Kuma duk fuskar itacen da za ta ɓuya bayan an buga, shafa mata kwalta tun tana fili, gama ba za ka sake ganinta ba sai bayan shekaru.

Toshiya, wato cusa auduga ko zaren buhu a tsakanin katakai sa'an nan a bi da narkakkiyar kwalta, aiki ne da ake koya a gaban mai yinsa, takarda ba ta isar da shi. Abin da zan ce kawai shi ne a kankare tsohuwar toshiya sarai kafin a sa sabuwa, a yi ta a busasshen itace, kuma kada a danna ta fiye da kima, domin katako zai kumbura ya ƙarasa matsewar da kansa. Mai dafa kwalta ya yi nesa da jirgi da rumfa da jarkar fetur, ya ajiye yashi kusa da shi, gama kwalta in ta kama wuta ba a zuba mata ruwa. Amma faci da kwano, wanda ya zama ruwan dare a tashoshinmu, ina da magana a kansa. Ba na musun amfaninsa a kan lafiyayyiyar mahaɗa, ko a ranar larura lokacin da jirgi ya huje nesa da gida. Abin da nake ƙi shi ne a buga shi a kan ruɓa a kira shi gyara, domin ruwa yana shiga bayansa ba ya fita, ƙusoshinsa kuma ba su kama komai ba sai garin itace. Haka simintin da waɗansu suke zubawa a gindi, haka faibar zamani in an liƙa ta a kan itace mai danshi, duka suna tsare laima a ciki, ruɓa ta ci gaba da aikinta ba mai ganinta. Wanda zai rataya inji kuma ya ƙara duba katakon baya, ya ƙarfafa shi ta ciki da ƙusoshi masu noti, domin jirage da yawa an gina su ne don filafili da gora ko don ƙaramin inji, kuma girgizar babban inji tana kwance ƙusa a hankali.

Watakila wani zai ce na tsananta. To, bari in tuna muku abin da kunnuwanmu suka ji. A watan Mayu na 2021, wani jirgin katako ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙasar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, ya rabe a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara, a madatsar ruwa ta Watari da ke ƙasar Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya suna kan hanyar zuwa Mauludi, aka rasa rai 29, mafi yawansu yara. A watan Yuni na 2023, a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, jirgin 'yan biki da ke dawowa da dare ya daki itace a cikin ruwa ya tsage, fiye da mutum 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Ba ni ne zan yanke hukunci a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma duk wanda yake bin irin waɗannan labarai ya ji abubuwan da suke maimaituwa, lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da jirgin da jikinsa bai iya jure duka ba. Ku kuma masu tuƙi a Tafkin Kainji kun fi kowa sanin cewa tun da aka gama madatsar a 1968, ruwa ya rufe tsohuwar Busa da gonaki da dazuzzuka, kututturan da ya rufe har yau suna nan tsaye a ƙarƙashi, ba su ruɓe ba saboda dalilin da na faɗa, kuma in ruwa ya ja baya sukan zo kusa da sama. Jirgi mai lafiyayyen gindi da sababbin ƙusoshi yakan daki kututture ya ji rauni, duk da haka ya kai gaɓa. Ruɓaɓɓe ba ya ba kowa wannan dama.

Na san abin da ake cewa bayan kowane hatsari, wai ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai mutuwa sai da ajalinsa, mun yi imani da wannan ba tare da shakka ba. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin sakaci ba, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da mai raƙumi ya tambaye shi, ya umarce shi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Annabi Nuhu, wanda Ubangiji ya yi wa alkawarin tsira, sai da ya sassaƙa ya buga da hannunsa, manyan mutanensa suna wucewa suna yi masa izgili. Matar da ta miƙa maka kuɗin fito ta shiga da goyonta ba ta ƙwanƙwasa katakanka ba, ba ta zare ƙusarka ta duba ba, ta ba ka amanar ranta da na ɗanta ne bisa zaton kai ka duba. Wannan zato nata hakki ne a wuyanka, kuma za a tambaye ka a kansa ranar hisabi.

Ranar mayar da jirgi ruwa, bayan gindinsa ya sha kwalta, kada ka firgita in ka ga yana yoyo, kada kuma ka kira fasinja. Ɗaure shi a wuri marar zurfi, ka bar shi ya sha ruwa kwanaki, kana kwarfewa safe da yamma kana lura. Yoyon da yake raguwa kullum na katakon da ke kumbura ne, zai tsaya da kansa, wanda bai ragu ba kuwa, ko wanda yake tsartuwa daga wuri guda, aibi ne, a sake fito da jirgi a nemo shi. In yoyo ya tsaya, loda masa buhunan yashi a maimakon mutane, ka riƙa ƙarawa sannu sannu, kai da dattijon nan kuna duban abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, har ya ce maka ya isa. A nan sai ka ja layi a jikin jirgin, ka ƙidaya buhunan, ka san adadin mutanen da suka yi daidai da nauyinsu. Ka tuna ruwan da ka bari a cikin jirgi shi ma lodi ne, kowace lita kilo guda, kuma ya fi kowane kaya sharri domin yana gudu zuwa ɓangaren da jirgi ya karkata. Yanzu ne lokacin fenti ya yi. Shafa shi siriri siriri a busasshen itace, sau biyu ko uku, gama a kan lafiyayyen katako garkuwa ne daga rana da ruwan sama. Kira mai rubutu ya zana sunan da addu'ar, ka sa ya rubuta adadin fasinja kusa da su inda kowa zai gani. Ka yi wa jirgin rajista a wurin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda hedkwatarta take Lokoja, ka tanadi rigunan kariya gwargwadon adadin da ka rubuta, ka kuma kiyaye dokar hana tafiyar dare.

Abu guda ya rage, kuma shi ne mafi wuya, domin ba a gaban masassaƙi ake yinsa ba, a gaban jama'a ake yi. Ranar kasuwa da la'asar, mutane za su cika gaɓa, hadari yana haɗuwa, kowa yana so ya kwana gida, wani zai ce maka, "Ɗan'uwa, mutum ɗaya ne kawai ya rage," wani kuma wanda ya girmi mahaifinka zai haɗa ka da Allah ka ɗauki buhunsa. Ina roƙonka, ya ɗana, in ruwa ya taɓa layin da ka ja, ka ba su haƙuri da kyakkyawan lafazi, ka kwance igiyarka ka tafi, ka dawo ka kwashe su a sahu na biyu.